Mabuɗin da Na Kai wa Malam

Ku da aka ɗauka aikin nan bana, na ji abin da kuke faɗa in kun ga na juya baya. Wai aikin laburare yanzu danne-danne ne kawai, kwamfuta ce ke yin komai, mu tsofaffi kuma zaman jiran fansho muke yi a ƙarƙashin fanka. Ban ji haushi ba. To, na ɗan ji. Amma tunda saura min watanni kaɗan in ajiye aiki, ku matso in ba ku labarin manhajar nan da kuke dannawa da hannu ɗaya kuna cin gyaɗa da ɗayan, da kuma shekarar da na kusa sa hannu a takardar da za ta kira malamina ɓarawo.

Ranar da na fara aiki a laburaren jami'ar nan, babu kwamfuta ko ɗaya a ginin. Wani tsoho mai kula da kataloji, Baba Modi, shi ya miƙo min tulin katuna, ya nuna min akwatunan katako masu ƙananan aljihuna. Kowane littafi yana da katinsa, kowane kati yana da huji a ƙasa, kuma akwai sandar ƙarfe da ke ratsa hujin don kada katunan su fita. Sabon ma'aikaci ba ya taɓa sandar nan. Sai dai ka jera katinka a kanta, ya ɗan ɗago sama da sauran, sannan Baba Modi ya zo ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wanda ka sa daidai, ya zare sanda ya bar shi ya faɗa wurinsa. Wanda ka sa ba daidai ba, ya ciro shi ya soke maka a gefen hula, kuma da shi za ka yini, da shi za ka je sallar azahar. Akwai ranar da na je masallaci da kati bakwai a kaina. Sai da na shekara biyu kafin ya yarda na zare sandar da hannuna, kuma ko a ranar yana tsaye a bayana yana tsaki.

Mujallun bincike a lokacin ta gidan waya suke zuwa, in sun ga dama. Ta farkon shekara takan iso bayan an girbe gero. Mu buga mata tambari, mu shigar a rajista, ƙarshen shekara a kai ɗakin ɗauri a yi musu bango. Da duniya ta canza, kamfanonin Turai suka daina aiko da takarda. Suka ce mujallun suna intanet, jami'a ta yi rajista a ba ta mabuɗi. Mabuɗin nan ba na ƙarfe ba ne, suna ne da lambar sirri da za ka rubuta a kwamfuta ƙofa ta buɗe. Nan rikici ya fara. Kowane kamfani da nasa mabuɗin, kowane mabuɗi kuma yana inda Allah ya ajiye shi. Wani yana rubuce a bayan kalanda. Wani yana cikin littafin aljihun wani abokin aikinmu da ya yi ritaya ya koma noman shinkafa, sai da na hau mota na same shi a fadama, ya wanke hannu ya duba min. Akwai kamfanin da jami'a ta shekara biyu tana rajista da shi ba wanda ya taɓa shiga, don ba wanda ya san da zamansa.

Hajiya Saratu ce ta kawo ƙarshen wannan. Ita ce shugabar laburare da aka naɗa a lokacin, gajeriyar mace mai tabarau a kan hanci, wadda ba ta ɗaga murya don ba ta buƙatar haka. Ta ce za a kawo manhaja ɗaya da za ta riƙe komai: kowane kamfani, mujallun da ya ba mu, ranar da rajista za ta ƙare, wa aka yarda ya shiga, me aka hana, da kuma rahoton yawan masu karantawa. Ni ta zaɓa in jagoranci aikin. Na daɗe ina gaya wa mutane basirata ta gani. Gaskiyar magana ita ce ni kaɗai na iya buga rubutu da yatsu goma, albarkacin keken rubutun Baba Modi.

Aikin farko shi ne takardun yarjejeniya. Kowane kamfani da tasa, shafi bayan shafi na ƙananan haruffan Turanci kamar an watsa gero a tabarma. Da rula da ƙamus na karanta su, layi-layi, ina ciro sharuɗɗa ina shigarwa a manhaja. Wannan ya yarda a buga a takarda, wancan bai yarda ba. Wannan ya ba mu tun daga tsofaffin fitowa, wancan na bana kawai. Bayan haka sai gwaji: kowace mujalla sai ka danna ka ga ta buɗe, in ta ƙi ka zauna rubuta wasiƙa. Duk wannan a cikin bazara muka yi shi, kun kuma san bazarar Sakkwato. Ɗakin babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajar shi kaɗai ke da iyakwandishan a ginin, don haka na yi abokai da yawa a watannin nan. Mutanen da suka shekara goma ba su gaishe ni ba suka fara zuwa tambayar lafiyar manhaja. Ranar da kwamfutar ta ɗauke ba dalili, na shiga na tarar da robar fura huɗu jere a kanta, da kankana guda a ƙasa an ture waya an yi mata wuri.

Da aka gama, tsarin ya zama haka. In kana cikin jami'a, a kan kwamfutocinmu, ƙofa a buɗe take, ba ka buƙatar mabuɗi. Amma malamanmu a gari suke zaune, wasu Runjin Sambo, wasu Gidan Dare, kuma a gida suke son yin karatu. Saboda haka kowa aka yanka masa nasa mabuɗin. Kafin in ba ka, sai ka zo ofishina ka karanta takarda mai shafi ɗaya ka sa hannu. Abin da ke cikinta a taƙaice shi ne: mabuɗin nan naka ne kai kaɗai, kada ka ba kowa, ko da wanda kuka fito ciki ɗaya ne. Na ga mutane iri-iri a wajen rabon nan. Akwai daktan da ke manta nasa duk Litinin. Akwai wanda ya rubuta a 'yar takarda ya cusa cikin hula, mai wankin hula ya wanke ta tas, ya zo yana min faɗa wai me ya sa ban ba shi mai ƙwari ba. Duk da haka kowa ya sa hannu, in ban da mutum ɗaya.

Wannan mutum ɗaya shi ne Malam. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban taɓa faɗinsa ba a rayuwata. Farfesa ne na fiƙihu a jami'ar nan, amma tun kafin ya zama farfesa malami ne ɗan malamai, kuma a zaurensa na Ƙofar Marke na yi karatun littattafai tun ina saurayi. Shi ya tsaya min na samu aikin nan. Matata 'yar ƙanensa ce, shi ya ba ni ita. Wato malamina ne, ubangidana ne, surukina ne. Ni in aika wa Malam ya zo ofishina? Ni in miƙa masa biro in ce ya sa hannu ya yi alkawarin ba zai yi ha'inci ba? Na duba takardar, na duba kaina, na mayar da ita aljihun tebur. Na rubuta mabuɗin da kyakkyawan rubutu, na sa a ambulan, na tafi Ƙofar Marke bayan la'asar. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa, na miƙa da hannu biyu.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ga mabuɗin ɗakunan karatun duniya na kawo ma Malam."

Haka na faɗa, da bakin nan nawa. A kan sharaɗi ban ce kanzil ba.

Na nuna masa yadda ake shiga a ƙaramar kwamfutar da 'ya'yansa suka saya masa, cikin mako ɗaya ya fi ni iyawa. Wata rana ya kira ni a waya. Ya samu hoton wani rubutun hannu na kakansa da aka kwashe zuwa Turai tun zamanin da, wanda ya shekara talatin yana jin labarinsa bai taɓa sa shi a ido ba.

Ya ce, "Umaru, ga hannun kakana ina kallo. Hal inda tawwada taz zube ina gani."

Daga nan kullum bayan asuba yana kan kwamfutar nan har hantsi. Na ji daɗin wannan fiye da duk wani yabo da aka taɓa yi min a aiki.

Abin da na manta, ni da na girma a zauren nan, shi ne yadda ilimi ke tafiya a gidan su Malam. A can ba a hana littafi. Wanda ya zo aro ana ba shi, ko da shi kaɗai ne kwafin da ke gidan. In kuma ka karanta littafi a gaban malami ya ba ka izini, kai ma kana da ikon ka ba wani, sai dai ka faɗi daga wa ka samo, ka yi masa addu'a. To haka Malam ya ɗauki mabuɗina. Ya ba manyan ɗalibansa, masu koyarwa a kwalejoji da makarantun gari, yana ce wa kowa ya ba shi izini kamar yadda Umaru na laburare ya ba shi, a riƙa sa Umaru a addu'a. Su ma suka ba wasu da wannan lafazin. Ni ban san wainar da ake toyawa ba.

Abin da na fara gani kawai shi ne mutane sun fara sona. Ranar Juma'a wani da ban taɓa gani ba ya kama hannuna da hannu biyu ya yi ta sa min albarka har sahu ya watse. Wani ya zo daga Illela da buhun albasa ya ajiye a ƙofar gidana, ya ce a gaya wa Malam Umaru mai mabuɗi an gode. A wajen wani ɗaurin aure aka tashe ni daga tabarmar baya aka kai ni kan darduma kusa da liman. Matata ta tambaye ni me na yi wa mutane haka. Na gyara zama na ce mata shi halin kirki ba ya ɓuya, ita ce dai ba ta lura ba. Ta dube ni ta ci gaba da yankan albasar.

A ofis kuma rahoton manhaja ya nuna karatu ya ƙaru ƙwarai, layin da ke nuna yawan masu shiga ya miƙe sama. Hajiya ta tafi da ni taron manyan jami'a. Na sa babbar riga, na tsaya gaban allo da sanda a hannu, na bayyana musu cewa wannan sakamakon bitar da na shirya wa malamai ne. Bitar nan mutum shida suka zo, biyu daga ciki saboda iyakwandishan. Aka tafa min, na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Da na danna wuri ɗaya kawai a manhajar da na ga cewa kusan duk karatun nan da mabuɗi ɗaya ake yin sa. Ban danna ba, don wanda ake yabo ba ya son bincike.

Ranar wata Litinin, saura mako uku masu tantance kwasa-kwasai su zo duba tsangayar likitanci, muka wayi gari babban kamfanin da ke ba mu mujallun likitanci da na kimiyya ya rufe ƙofa. Ba ni kaɗai ba, jami'ar gaba ɗaya. In masu tantancewa suka zo suka danna ba ta buɗe ba, kwas ɗin na iya faɗuwa. Na buɗe imel na tarar da wasiƙar wata Baturiya daga kamfanin, cikin ladabi mai sanyi. Ta ce sun lura wani farfesanmu na fiƙihu yana karanta cututtukan shanu, da haƙar man fetur, da tiyatar ido, kuma a cikin awa ɗaya yana yin haka daga Sakkwato, da Gusau, da Yamai, da Sudan. Ta ce suna taya mu murnar samun irin wannan masani, amma suna son bayani. Na danna wurin da ya kamata in danna tun tuni. Sunan Malam ne daga sama har ƙasa.

Ga abin da na yi, kuma kada ɗayanku ya kwaikwaya. Na canza mabuɗin Malam a ɓoye, na rubuta wa Baturiya cewa ɓarayin intanet ne suka sace shi, mun kuma magance. Ta buɗe ƙofa. Na yi ajiyar zuciya na kwana biyu. A rana ta uku waya ta yi ƙara, Malam ne.

"Umaru, mabuɗin ga naka ya lalace. Mutane na ta kirana."

Kun ji fa, har ya gaya min mutane na ta kiransa. Dama ce ta zo har gida. Sai na ji bakina ya ce, "Subhanallahi. Bari in gyara ma Malam yanzu." Na karanta masa sabon, harafi-harafi, har da maimaitawa don kada ya yi kuskure. Bayan kwana huɗu aka sake rufewa. Wasiƙar Baturiya ta biyu babu taya murna a cikinta. Ta ce ba za su buɗe ba sai mai mabuɗin da kansa ya yi bayani a rubuce, in ba haka ba sai wata shekara.

Hajiya ta kira ni ofishinta. Ta buga rahoton a takarda ta ajiye a gabanta, kusa da shi kuma ga wata wasiƙa da ta rubuta zuwa ga shugaban jami'a, tana neman a ba Malam takardar tuhuma kan raba dukiyar jami'a ba da izini ba. A ƙasa akwai wurin sa hannun jami'in da ya tabbatar da shaida. Sunana ne a wurin.

Ta ce, "Malam Umaru, ina takardad da Farfesa yas sa ma hannu?"

Na ce, "Ranki shi daɗe, tana nan aje."

"Da hannunai bisa?"

Na girgiza kai.

Ta ce, "Na sani surukinka na. Ni ma ubana wurinai yay yi karatu. Amma ɗiyan mutane ba su rasa kwas don kana jin kunya. Yau Talata. In Alhamis ta yi ba ka kawo man takardatai ba, ka sa hannu nan, in aika."

Mutumin da ya shekara arba'in yana koyarwa ba a taɓa ɗaga masa yatsa ba, a ƙarshen aikinsa a rubuta shi cikin masu ɗaukar abin da ba nasu ba, kuma da hannuna. Na ji tsoro, na kuma ji kunya, don na san laifin ba nasa ba ne.

Laraba bayan la'asar na tafi Ƙofar Marke da takardar yarjejeniyar kamfanin a aljihu. Tun daga gida nake shirya jawabi, kafin in sauka daga keke ya gudu. Zauren a cike yake, ana karatu yadda aka saba: kowa ya buɗe littafinsa in layi ya zo kansa, ya karanta gaɓa ɗaya, Malam ya fassara, ya sake karanta wata, Malam ya fassara. Na zauna a ƙarshen layi ina addu'ar magariba ta yi kafin a zo kaina. Ba ta yi ba. Malam ya dube ni ya ce yau kuma Umaru an tuna da karatu, ina littafin? Ban san lokacin da na zaro yarjejeniyar ba.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, wani ɗan littahi na yab buwaye ni. Na Turanci na."

Ya ce, "Karatu duk karatu na. Biya."

Na buɗe shafin sharuɗɗa na fara karantawa gaɓa-gaɓa, shi kuma yana fassarawa da muryar nan tasa ta karatu, idonsa a lumshe, yana ɗan kaɗa kai. "Shi mai riƙe da mabuɗi. Na'am. Ba ya halatta gare shi. Na'am. Shi bai wa waninai. Ko da kyauta. Ko da aro." A nan muryar ta fara raguwa. "In ko ya ba da. To haƙiƙa ya warware alkawali." Ya buɗe ido.

"Umaru, wanga sharaɗi bisa wane mabuɗi shike?"

"Bisa dukkansu, Allah shi gafarta Malam."

"Hal da nau?"

"Hal da na Malam."

"Su malamman da sunka yi rubuce-rubucen, su sunka hana a karanta?"

"A'a, kamfani na."

"Allah shi shirye su. Wa yas sa hannu ga wagga takarda?"

"Shugaban jami'a, a madadinmu duka."

"An tilasta mai?"

"A'a."

"To alkawali na, ko da wa anka yi shi." Ya dube ni. "Kai ko, rad da kak kawo man, mi kac ce?"

Na ce na ce mabuɗin ɗakunan karatun duniya ne. Ya tambaye ni ko na faɗi sharaɗi. Na ce kunya na ji. Sannan na kwashe komai na gaya masa, da rufe ƙofa, da masu tantancewa, da ƙaryar da na yi wa Baturiya, da wasiƙar da ke kan teburin Hajiya. Ban ɗaga kai ba har na gama.

Ya ce, "Kunyakka ta sa ni cin amana wata takwas ban sani ba, ni da mutanen da ban san iyakassu ba. Addu'o'in da anka yi ta yi ma hwa, ka ce amin?"

Na ce, "Na ce amin, Malam."

Wani daga baya ya kasa riƙe dariya, ya mayar da ita tari.

Malam ya juya ga ɗalibansa ya ce kowa ya faɗi wanda ya ba. Nan na ga amfanin tsarinsu, don babu wanda bai san daga wa ya karɓa ba da wanda ya miƙa wa. Wannan ya ba mutum uku. Wancan ya ba ƙanensa mai karatu a Sudan. Wani malamin kwaleji ya ce shi mutum ɗaya tak ya ba, amininsa likitan dabbobi a Gusau, sai dai shi aminin ya sa a zaurensu na waya na likitocin dabbobi, da sunana a ƙasa da roƙon a yi min Fatiha. Malam ya ce kowa ya bi ta hanyar da ya bayar ya sanar cewa an janye izini, kuma laifi ba na wanda ya karɓa ba ne.

Bayan an watse ya sa aka kawo takarda, ya rubuta wa Baturiya wasiƙa da hannunsa, da Turancinsa na mutanen da. Ya ce shi ne ya raba, ba ɓarayi ba. Ya bayyana mata yadda ake ba da littafi a gidansu, ya ce bai san da sharaɗi ba, yanzu ya sani, ya daina, yana neman afuwa. Sunana bai fito ko sau ɗaya ba. Na ce Malam ya kamata a sa nawa laifin. Ya ce nawa hukuncin yana wurin Hajiya, ba ya shiga aikin wani. Ya kuwa yi gaskiya. Ranar Alhamis Hajiya ta karɓi wasiƙar Malam, ta yaga waccan ta tuhumarsa a gabana, ta zaro wata da ta riga ta buga. Takardar tuhuma ce, da sunana. Tana cikin fayil ɗina har yau, ita kaɗai ce a shekara talatin da biyar. Kwana biyu kafin masu tantancewa su iso ƙofa ta buɗe, suka danna, ta yi aiki, suka wuce duba banɗaki.

Mako na gaba na yanka sabon mabuɗi, na ɗauki takardar sa hannu, wannan karon har da biro, na koma Ƙofar Marke. Na durƙusa na miƙa. Malam ya karanta takardar daga sama har ƙasa, ya ce an tsara ta da kyau. Sannan ya haɗa ta da ambulan ɗin, bai buɗe ba, ya miƙo min.

"Aje abinka, Umaru."

Na ce ko Malam fushi yake da ni.

"Ba hushi ba na. Ni tun da nit tashi ba a taɓa roƙona karatu nic ce a'a ba, kuma ba yanzu za ni koyo ba. In mabuɗin ga na hannuna wani ya zaka biɗa, ko in ci amana ko in hana shi. In ba shi hannuna, sai in ce ban da shi, kuma gaskiya nih hwaɗi."

Na ce, "To karatun asuba hwa, Malam?"

"Ba kac ce cikin jami'a ba a biɗam mabuɗi ba? Ina da ƙahwa."

Haka kuwa aka yi. Sau uku a mako yake zuwa ɗakin kwamfutocin ɗalibai, wancan na ƙasa, ya rubuta sunansa a rajista ya bi layi. Na roƙe shi ya zauna a ofishina ya yi amfani da tawa, ya ce ba don haka aka ba ni ita ba. Dokar ɗakin awa ɗaya ce ga kowa, ni na rubuta ta na liƙa a ƙofa. Ranar farko da awarsa ta cika, na tsaya daga nesa ina gyara kujerun da ba abin da ya same su. Shi ya duba agogonsa, ya rufe shafin da yake karantawa bai kai ƙarshe ba, ya miƙe ya ba wata ɗaliba 'yar aji ɗaya kujera. Ya wuce ta gabana ya ce, "Umaru, sai jibi." Mutumin da ke karatu daga asuba har hantsi a kan buzunsa, ni na mayar da shi mai awa ɗaya a layin yara, saboda na kasa miƙa masa biro. Ban taɓa jin nauyin wani abu a aikin nan kamar wannan ba.

To ku tashi haka nan, ga mutum uku can suna jiran mabuɗi. Na gaban nan mai babbar riga kawun ɗayanku ne, na sani, na ga yadda wani ya sunkuya ƙarƙashin tebur yana neman abin da bai faɗi ba. Kai za ka je. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka durƙusa in ka ga dama, sannan ka miƙa masa takardar ya karanta.